Gafakar Malam Siddiƙu

Ranar Juma'a ce da hantsi, ruwan sama ya ɗauke, tsakar gidan marigayi Malam Siddiƙu da ke Wurno sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna Uwaliya, matar marigayin, na zaune bakin ɗaki tana jera tasoshin da za a kai 'yarta ɗakin miji da su. Ita kuwa amaryar, Khadijatu, wadda kowa ke kira Dije, tana gefe tana tsintar shinkafa tana murmushi ita kaɗai. Kwana goma sha biyar ya rage a ɗaura aurenta da Malam Halliru, ɗan mutanen Rabah, malamin aji biyu a makarantar bokon da ke bakin gari.

"Ke Dije!" in ji Inna. "Shinkahwa kika tsinta ko Halliru kika tunani? Ga tsakuwa nan dut kin bari!"

"Kai Inna, ni ban ce komi ba."

"Ai ba sai kin ce ba, haƙoranki sun hwaɗa."

Ba su gama dariya ba suka ji an kwaɗa kira daga ɗakin karatun marigayi.

"Uwaliya! Uwaliya!"

Baffa Maccido ne, wan mahaifin Dije kuma waliyyinta. Tun da safe ya iso daga Goronyo don ya kwashe littattafan ƙanensa, tunda marigayin bai bar ɗa namiji ba. Baffa mutum ne mai tsoron Allah, wannan babu musu, sai dai Allah ya yi shi da son kulle abu. Rumbunsa da kwaɗo, akwatinsa da kwaɗo, mutanen Goronyo har tsokanarsa suke wai da rijiya na da ƙofa da ya sa mata makulli.

Suka same shi zaune kan buzu, gabansa wata tsohuwar gafaka, jakar fatar nan da ake adana littafi a ciki. Littafin rubutun hannu ne, ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne kamar yadda malaman dā ke yi. Kakan Dije, Malam Abdulƙadiri, shi ya wallafa shi da ajami, labarai ne da gargaɗi don yara. Na asalin yana Goronyo wurin Baffa, wannan kuwa mahaifinta ne ya kwafe shi da hannunsa. Da Dije ta ga gafakar a buɗe, sai ta sunkuyar da kai.

"Warƙa sittin ta," in ji Baffa. "Da hannuna na ƙidaya ta ranar da anka rufe Siddiƙu. Yanzu talatin da bakwai nika gani. Ina ashirin da uku?"

Inna ta dafe ƙirji. "Wallahi Malam, ban taɓa buɗa ta ba."

"To wa ka shiga ɗakin ga?" Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya gyaɗa kai. "Na gane. Ɗan bokon ga na! An daɗe ana hwaɗa mani Nasara na sayen tsohin takardu suna kaiwa ƙasarsu. Ashe zuwan da shika yi zaure ba zance ɗai shika zuwa ba, sata shika yi!"

"Ba shi na ba, Baffa!" Maganar ta fito wa Dije kafin ta shirya mata. Ta durƙusa, hawaye suka ɓalle. "Ni ta. Ni nib ba shi. Bai saida ma kowa ba, ɗiyan makaranta yab ba aro."

Baffa da Inna suka juyo gare ta a tare. Ko kajin tsakar gida kamar sun ji abin da aka ce.

Abin da ya faru shi ne, wata biyu da suka wuce Halliru ya zo zance ransa a ɓace. Yara talatin da takwas ne a ajinsa, littafin karatu kuwa uku kacal aka kawo, su ma hedimasta ya kulle su a kabad don tsoron kada su yage kafin zuwan sufeto. Ko da suna da yawa ma, iyaye sun rantse takardar boko ba za ta kwana musu a gida ba. Yaro ya koyi baƙi da safe, ya koma gida babu abin dubawa, gobe ya dawo kamar ba a taɓa koya masa ba. Dije ta tuna yadda babanta kan tara yaran unguwa a ƙofar gida ya karanta musu labaran nan suna dariya, ta tuna tun rasuwarsa babu wanda ya sake kwance igiyar gafakar. Sai ta shiga ta zaro warƙa ashirin da uku ta miƙa masa. Yawancin yaran sun san ajami tun daga makarantar allo, don haka Halliru ya riƙa ba duk wanda ya iya warƙa guda ya tafi da ita gida, da safe kuma ya rubuta labarin da boko a allo su gwada. Iyayen da suka ƙi takardar Nasara ba su iya ƙin rubutun Malam Siddiƙu ba. Abu ya yi daɗi, har hutun damina ya zo yara suka watse da warƙoƙin a hannunsu. Kuskuren Dije ɗaya ne, kuma babba ne: ba ta tambayi kowa ba.

"Ɗiyan makaranta!" Baffa ya miƙe tsaye. "Rubutun ubanki, maganar kakanki, kib ba yara masu majina su kai gidajen da akuya ka cin takarda? Innalillahi!"

"Baffa ka yi haƙuri..."

"Rufe mani baki! Uwaliya, ki ji da kunnenki. Za ni koma Goronyo in ɗauko na asali. Juma'a mai zuwa ina nan, in gwada su warƙa da warƙa. In sittin sun cika, Alhamdulillahi. In ko guda ta ɓace, wallahi ban ba Halliru ɗiyata. Wanda bai riƙe amanar takarda ba, ƙaƙa za shi riƙe ta mutum?"

Ya shuri takalmansa ya fita, ko furar da aka dama masa bai kalla ba.

Dije ta kife kai a cinyar uwarta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Inna ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma zage ta ba, sai da ta bari kukan ya lafa sannan ta ce, "Kin yi laihi, Dije. Amma kuka ba shi maido takarda. Tashi ki wanke ido, a kira mani yaron ga."

Bayan la'asar Halliru ya iso kan kekensa, ƙafar wandonsa duk taɓo. Da ya ji abin da ya faru sai ya zauna a dakalin zaure ya cire hula. Inna na daga bayan ƙyaure, Dije na tsaye a bakin ƙofa ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Laihina na," ya ce. "Da na tambaye ki ko an sani."

"Ka san inda suke?" in ji Inna.

"Dut na rubuta sunayensu cikin rajista. Goma sha huɗu na nan cikin gari, takwas na Lahodu da ƙauyukan kusa. Guda ɗai ta yi nisa, tana hannun Ladidi, an kai ta hutu Rara wurin kakarta." Ya juya wajen ƙyaure. "Sai dai Inna, iyaye maza na gona, kuma takardun ga ba zaure suke ba, cikin ɗakunan mata suke. Ni ko ban shiga gidan matan aure."

"Kai ba ka shiga, ni ina shiga," in ji Inna. Shekara ashirin ta yi tana koya wa matan Wurno waƙoƙin wa'azi, babu gidan da ba a shimfiɗa mata tabarma. "Kai ka tsaya zaure ka yi ma maza bayani. Ni da Dije mu shiga ciki."

Haka aka yi. Tun safiyar Asabar suka fara bi gida-gida. Dije ta zaci za ta tarar da warƙoƙin a yage ko an ƙunshe daddawa da su, amma abin da ta gani ya ba ta mamaki. A gidan farko an naɗe warƙar cikin sabon ƙyalle an rataye bisa ƙofa. A wani gidan ƙarƙashin zannuwan biki aka zaro ta, cikin adudu. Wahalar ma ba ta nemowa ba ce, ta karɓowa ce, don matan ba sa son bayarwa.

A Lahodu, matar wani manomin albasa ta riƙe warƙar gam a ƙirji. "Haba Inna! Kullum in an gama tuwo yaron ga shika karanta muna labarin makiyayin da yam maida saniyar da ba tashi ba. Har maƙwabta ka shigowa. Ubanai da yac ce boko kahirci na, yanzu shi ka cewa a sake mashi. In kunka amshe, mi za mu ji?"

Sai da Dije ta zauna a nan ta roƙi tawada da alƙalami a gidan liman, ta kwafe mata labarin a wata takarda, sannan matar ta saki. Daga nan ya zama dole, duk gidan da suka karɓa sai ta bar musu kwafi. Yatsunta suka yi baƙi, wuyanta ya ƙage, ga tafiya cikin taɓo, ga ruwa da ke tare su a hanya. Duk warƙar da ta dawo sai ta ji kamar an sauke mata dutse ɗaya daga ƙirji. Ranar Talata da yamma ta ƙidaya, ashirin da biyu cif. Saura ta Ladidi.

Laraba da sassafe suka bi ayarin 'yan kasuwa, Inna da Dije kan jakuna, Halliru na tura keke inda hanya ta ɓaci. Gulbi ya kawo sosai, sai da suka jira jirgin fito fiye da awa biyu. Dije ba ta iya ruwa ba, amma ranar ko tsoron jirgi ba ta ji ba, tsoron da ke ranta ya fi wannan. Suka ya da zango a Rabah gidan gwaggon Halliru suka sha ruwa, azahar ta yi musu a Rara.

Kakar Ladidi, tsohuwa Kaltume, ta tarbe su da murna kamar ta haɗiye su. Ladidi kuwa, 'yar shekara goma, na zaune bakin murhu, ta rame, wuyanta ya yi tsawo, da gani ta tashi daga ciwo.

"Ɗiyar Malam Siddiƙu ta?" in ji tsohuwar, ta kama hannun Dije. "Allah shi jiƙan ubanki! Ai shi yaw warkar mani da jika."

Dije ta dubi Inna. "Ƙaƙa, Iya?"

"Masassara tak kama ta, kwana shida ba ta san wa ka kanta ba. Na yi saiwa, na yi turare, shiru. Sai nit tuna da takardar da taz zo da ita, an ce rubutun Malam na da hannunai. Nic ce ina wani magani da yah hi wanga? Nij jiƙa ta cikin ƙoƙo, nid dama, nib ba ta tas sha. Wallahi kwana biyu yarinya tat tashi!"

"Kin... kin jiƙa ta?"

"Tas! Ko ɗigo ban bari ya zuba ƙasa ba."

Dije ta zauna daɓas a ƙasa. To me za ka ce wa tsohuwar da ta yi abu don tsananin girmama mahaifinka? Ka zage ta? Ga ta nan tana washe baki tana sa albarka, ba ta san ta shanye auren mutum a ƙoƙo ba. Inna ce ta yi ƙarfin halin yi mata bayani, nan take murnar tsohuwa ta koma salati da tafa hannu.

Sai ga 'yar muryar Ladidi daga bakin murhu. "Yaya Dije, ai na hardace ta."

"Mi kic ce?"

"Dut na hardace. Kullum nika karanta ma Iya kahin in kwanta ciwo."

Ta gyara zama ta fara, tun daga bisimilla har kalmar ƙarshe, labarin wani mai rijiya da ya hana maƙwabta ɗiba. Dije ta san labarin tun tana ƙarama, ta kuma ji ko kalma ɗaya yarinyar ba ta tsallake ba. Tana sauraro wata dabara na shigowa ranta, irin dabarar da kan zo wa mutum lokacin da tsoro ya fi ƙarfinsa.

Ta fita zaure wurin Halliru, ta rage murya. "Malam, akwai mahita. Hannuna da na Baba ba a rarrabewa, shi yak koya mani rubutu. Akwai sauran tsohuwar takardatai cikin ɗaki da bai rubuta komi ba. Ladidi ta hwaɗa, ni in rubuta, in sa tsakiya. Baffa ba shi ganewa har abada."

Halliru ya sunkuyar da kai. "A'a, Dije."

"A'a? Ka ji abin da yar rantse kuwa?"

"Na ji. Ki rubuta, wanga daidai na, kada labarin shi ɓace. Amma mu hwaɗa mashi hannunki na."

"In mun hwaɗa ya raba mu!"

"In mun ɓoye hwa? Yac ce ban riƙon amana. In na amshi aurenki bisa ƙarya, ai ya yi gaskiya ke nan. Kullum nig gaishe shi sai in ji kunyar kaina. Kuma ƙaƙa za ni tsaya gaban aji in ce ma yara ƙarya haramun ta?"

"Ashe ajinka ya hi ni!" Muryarta ta tashi, ta manta a gidan mutane take. "Ni nis saci takardun ubana don kai, ƙahwahuna sun kumbura don kai, yanzu kai ka yi mani wa'azi? Ka ce dai ba ka so na, ka huta!"

Halliru ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Wallahi Dije, in anka hana ni ke, ban san inda za ni sa kaina ba. Transifa za ni nema in bar ƙasag ga. Amma ban iya abin da kic ce."

Ta juya ta shige gida tana kuka. Har suka kwana a Rabah suka kamo hanyar Wurno ranar Alhamis, ba ta ce masa uffan ba. Tsohuwa Kaltume ta nace sai ta biyo su da jikarta, wai ita ta yi ɓarna ita za ta durƙusa gaban Malam. A cikin jirgin fito Halliru ya miƙa wa Dije hannu don ta sauka, ta kau da kai ta kama na Inna.

Da suka isa gida bayan azahar, Dije ta shiga ɗakin mahaifinta ta jawo ƙyaure. Ta ɗauko tsohuwar takardar nan mai launin ƙasa-ƙasa ta shimfiɗa, ta fere alƙalami, ta zaunar da Ladidi gabanta. Ta tsoma alƙalami a tawada, sai hannunta ya tsaya. Nan ne daidai inda babanta kan zauna ya riƙe mata yatsu yana nuna mata yadda ake jan baƙi. Ta tambayi kanta, da wannan hannun da ya koyar za ta yi wa ɗan'uwansa ƙarya da sunansa? Ta daɗe zaune tawada na bushewa a bakin alƙalami. Daga ƙarshe ta mayar da tsohuwar takardar inda ta ɗauko, ta yago farar takarda fes daga littafin rubutun makaranta da Halliru ya taɓa ba ta, irin mai layi-layi wadda ko makaho ya shafa ya san sabuwa ce.

"Hwaɗi, Ladidi," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Sannu-sannu."

Ranar Juma'a Baffa bai iso da hantsi ba kamar yadda ya saba. Aka sauko daga masallaci, shiru. Dije ta kasa cin komai, duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta leƙa. Sai dab da la'asar ya yi sallama. Ya shigo a hankali, riƙe da wata gafaka baƙa a hammata, fuskarsa ba fara'a ba kuma faɗa. Ya zauna a ɗakin karatu, ya sa aka kira Halliru daga zaure ya tsuguna bakin ƙofa. Inna da tsohuwa Kaltume da Ladidi suka rakuɓe gefe.

"Kawo," ya ce.

Dije ta ajiye littafin gabansa. Ya fara ƙidaya yana ɗaga kowace warƙa da yatsu biyu. Da ya kai ta arba'in da ɗaya ya tsaya. Farar takarda mai layi ta fito tsakiyar tsofaffin nan kamar baƙuwa a gidan biki.

"Wagga hwa?"

"Hannuna na, Baffa." Dije ta ɗago kai ta ci gaba. "Ta Baba ta ɓace, ba ta dawowa. An jiƙa ta an ba marar lahiya ta sha. Yarinyag ga ta hardace, ni ko nir rubuta daga bakinta. Na so in rubuta bisa tsohuwar takardar Baba in ɓoye maka, Malam Halliru yah hana ni. Hamsin da tara ta, Baffa, ba sittin ba. Laihina na, ba nashi ba."

Tsohuwa Kaltume ta matso da gwiwa za ta fara roƙo, Baffa ya ɗaga mata hannu. Ya dubi Halliru.

"Kai kah hana ta? Ka san abin da nir rantse?"

"Na sani, Baffa."

Baffa ya dube su duka biyun. Sannan ya jawo baƙar gafakar da ya zo da ita, ya kwance igiyar, ya zazzage ta kan buzu.

Ƙasa ce ta zubo. Jar ƙasa da ɓarɓashin takarda, da 'yan guntaye da ba su kai tafin hannun jariri ba. Inna ta saki salati.

"Gara," in ji Baffa. "Shekara ashirin da ɗaya tana cikin akwati, akwati cikin ɗaki, ɗaki da kwaɗo. Ban taɓa ba kowa aro ba. Ɗiyana na cikina ban bari sun taɓa ba, kada su ɓata. Shekaranjiya nib buɗe, ga abin da nit tarar. Rubutun mahaihina, ko layi guda bai saura ba." Ya share ido da bakin rawani. "Tun Goronyo nika shawara in ce maku na mance da ita gida. Da kin sa tsohuwar takarda, Khadijatu, da ban da abin gwadawa, da kin wuce. Ke yarinya kin hwaɗi taki gaskiya, ni da hurhura ƙaƙa za ni ɓoye tawa?"

Baffa ya juya wajen Ladidi, wadda ta ɓuya bayan kakarta.

"Ke ta kis sha maganar ubana?"

Yarinya ta gyaɗa kai a tsorace.

"To matso ki maido mani ita. Ban ji ta ba tun ina da ƙarhina."

Ladidi ta matso ta harɗe hannuwa kamar yadda ake yi a aji, ta fara. Ta kawo labarin mai rijiyar da ya yi mata murfi ya hana kowa ɗiba don kada ruwansa ya ƙare, maƙwabta suka koma gulbi, shi kuwa ranar da ƙishirwa ta kai shi ya buɗe sai ya tarar ruwan ya ruɓe ba ya shayuwa. Tun tana tsakiya leɓunan Baffa suka fara motsi tare da nata. Kafin ta kai ƙarshe dattijon nan da Goronyo kaf ke shakka ya rufe fuska da hannu biyu yana kuka kamar yaro.

Da ya natsu ya ce, "Mahaihina ya karanta mani wanga ina ƙarami, ashe ban ji ba." Ya ɗauki farar takardar ya mayar da ita gurbinta a tsakiyar littafin, ya daidaita gefen da tafin hannu. "Na rantse sai sittin sun cika. Ga su, sittin. Wagga ma ta gidan ga ta, jikar mai littahin tar rubuta. In ko akwai kaffara bisa kaina, ni ka yin ta, ba ku ba. Halliru!"

"Na'am, Baffa."

"Nic ce ba ka riƙon amana. Na janye. Juma'a mai zuwa ka turo manyanka a ɗaura aure." Ya tura masa gafakar gaba ɗaya. "Talatin da bakwai ɗin da sunka saura ma a kwahe su. Ka kai ma yaranka, a kai Lahodu, a kai Rara. In an gama a aiko mani da nawa Goronyo, ina da jikoki." Ya ɗan harari tsohuwa Kaltume. "Amma a hwaɗa ma tsohi, karantawa aka yi, ba sha ba!"

Dariya ta ɓarke cikin hawaye. Dije ta saci kallon Halliru ta gefen mayafi, karo na farko tun Rara, ta motsa baki a hankali ta ce ya yafe mata. Shi kuwa gogan sai murmushi yake yana juya hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

An ɗaura aure ranar da aka sa. Kafin kaka ta yi, limamin Wurno da ɗalibansa da Dije sun kwafe littafin har sau bakwai, hedimasta ma da ya ga haka kunya ta kama shi ya buɗe kabad ɗinsa. Zauren Malam Siddiƙu ya koma wurin da yara ke zuwa aron karatu duk ranar Alhamis, na ajami da na boko, su kai gida su karanta wa iyayensu mata, su dawo da shi mako mai zuwa. Wasu warƙoƙin sun dawo da tabon miya, wasu da shatin yatsu, Dije ba ta taɓa yin faɗa ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu karatu, ku riƙe abu biyu daga labarin nan. Kada tsoron rasa masoyi ya sa ku gina aure kan ƙarya, domin gaskiyar da Dije ta zaci za ta raba ta da Halliru ita ce ta ba ta shi. Sannan duk mai littafi a gida ya duba akwatinsa yau. Wanda aka ba yara aro ya dawo har da kwafi bakwai, wanda aka kulle don kada ya lalace kuwa gara ce ta karanta shi.